Farin Zaren da Ustaz Faisal Ya Tsinka

Ranar da ta ƙi mantuwa gare ni a wannan sana'a tamu ta turaren ud ita ce safiyar da Ustaz Faisal ya sauko daga mota a ƙofar gidan Lung Prasit, da farar jallabiya da baƙin tabarau, yana toshe hanci da hankici. Tunda kun dame ni da tambayar yadda aka yi mutumin da aka taɓa kira mudirin sayayya, wato shugaban sayen kaya, ya koma mustauda, ɗakin ajiya, yana liƙa takarda a jikin kwalabe, ku jawo kujeru. Babu mai shigowa shagon nan kafin la'asar.

Ni a nan unguwar Mansur ta Makka aka haife ni. Mahaifina ya taso daga Kano, ya bi ta Chadi da Sudan, ya iso Makka yana saurayi. Ina ɗan shekara goma sha tara na shiga hannun Ammi Salihu (Ammi a nan kamar mu ce baffa ne), mai wannan shago da na unguwar Rusaifa, kuma shi ya koya wa hancina aiki. Shekaru da yawa man ud na ƙasar Tailan ta hannun dillalai yake zuwa mana, kowane dillali kuma sai ya ƙara masa wani abu kafin ya miƙa gaba. Da aka buɗe hanya tsakanin Saudiyya da Tailan, Ammi ya ce ya gaji da sayen abin da bai ga tukunyarsa ba. Ya naɗa ni mandub, wato wakilinsa, ya tura ni wani ƙauye a gabashin ƙasar, kusa da iyakar Kambodiya, in zauna wurin mai dafa man da kansa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: itacen ud sai ya ji rauni yake tara baƙin ƙaro mai ƙamshi a cikinsa. A sare shi, a faffasa, a niƙa, a jiƙa garin cikin ganguna na kwanaki ƙididdigaggu. Daga nan a juye a manyan tukwane, a rufe, a hura wuta dare da rana. Tururin ya bi bututu ya huce ya zama ruwa, man ya taso a samansa, a kwashe shi kaɗan-kaɗan. Inda aikin yake da haɗari shi ne jiƙon. In ya wuce kwanakinsa ya ruɓe, man ya fito da warin garken shanu, babu kuma mai iya gyara shi. Aikina shi ne in sa ido kada a gauraya itacenmu da na wani, in shinshina, in rufe kwalabe da hannuna.

Mai tukwanen shi ne Lung Prasit. Lung a harshensu kamar mu ce kawu ne. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, addinin Buda yake yi kamar kowa a ƙauyen. Tun ranar farko na gaya masa iyakata: ba na rusuna wa gunki, ba na cin alade, ba na shan giya. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai. Kafin sati matarsa, Pa Malai, ta sayo sababbin tukwanen girki ta ɗaura musu koren ƙyalle, nawa ne ni kaɗai. Aka ɗaure karnuka nesa da ɗakina. Kowace Juma'a Lung ya ɗauke ni a motarsa ta ɗaukar kaya, tafiyar awa guda zuwa wani masallaci, ya zauna a inuwa yana jira har a idar. Da azumi ya zo, Pa Malai, wadda dama da asuba take tashi dafa wa sufayensu abinci, ta riƙa tashi da wuri fiye da haka don sahur ɗina.

Ni ma na koyi nasu. A wurinsu kai shi ne mafi daraja a jikin mutum, ba a taɓa kan kowa, balle na babba. Ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci, ba a miƙe ta wajen mutum. Ba a shiga gida da takalmi. Ba a ɗaga murya. In za ka wuce gaban manya sai ka ɗan sunkuya. Da na lura, sai na ga rabin wannan duk Inna ta koya mini a Mansur da bulalar mafici.

Wata goma sha huɗu na yi a haka lafiya. A cikin Rajab na shekarar da nake ba ku labari muka haɗa itace mafi kyau da Ammi ya taɓa saye, wanda muka yi niyyar mansa ya cika shagunanmu a lokacin Hajji. Aka niƙa, aka jiƙa, aka sa ranar hura wuta. Sai Ammi ya bugo ya ce yana turo mudirin sayayya ya gani da idonsa.

Faisal mijin 'yar autar Ammi ne, wannan kuma ita ce babbar takardar shaidarsa. Yana da wata ta jami'a ma, an sa mata gilashi a bango. Ustaz ɗin da ake ce masa irin na 'yan ofis ne, ba na karatu ba. Kakansa a ƙafa ya zo daga Sakkwato, amma shi in ka yi masa Hausa a gaban mutane sai ya amsa da Larabci yana duban gefe. Na taɓa ba shi man ud na gaske da na jabu a bayan hannu, ya zaɓi jabun ya ce ya fi nutsuwa. Wannan shi aka turo ya duba aikina. Kwana huɗu ya yi a Bankok yana abin da ya kira nazarin kasuwa, ya iso mana da jakunkunan sayayya cike da bayan mota.

Al'adar Lung ce, kafin a hura wutar babban aiki, ya gayyato sufayensu masu mayafi ruwan goro su yi addu'arsu da safe, a ciyar da su. Suna zama a kan dakali, jama'a a ƙasa. Akan jawo wani farin zare daga hannunsu a zagaye tukwanen da shi. Ni a irin wannan rana gindin mangwaro nake tsayawa a waje har su gama. Ba wanda ya taɓa ce mini shigo, ni ma ban taɓa ce wa kowa bari ba.

Suna tsakiyar addu'ar motar Faisal ta tsaya. Na ruga na tare shi.

"Ustaz, sannu da hanya. Mu ɗan tsaya a nan rabin awa, suna ibadarsu."

Ya sauke tabarau ya leƙa rumfar. "Ya Idris, wannan wane shirme ne a kan kayanmu?"

"Gidansu ne, Ustaz. Kayan suna cikin ganguna a rufe, ba abin da ya taɓa su."

"Turaren da za a shafa a shiga Harami? Kai kana tsaye kana kallo?"

Ya ciro waya ya fara ɗaukar bidiyo, yana bayani da Larabci yana dariya, kamar mai yawo a gidan dabbobi. Ya shiga rumfar da takalmansa, ya ratsa tsakanin mata da yara da ke zaune. Na tuɓe nawa takalman, wayar tana ɗaukata, na bi shi a sunkuye, ina jan hannun rigarsa. Ya fizge. Ya sa yatsa ya ɗago zaren, ya nuna wa wayar, ya tsinka shi. Sannan ya haye gefen dakalin sufayen ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tafin takalminsa yana kallon fuskar babbansu.

Lung ya matso da gwiwoyinsa, hannu haɗe a ƙirji. Faisal ya ce da ni, "Gaya masa mu ne masu kaya. Ba ma son tsafi a kan kayanmu. Daga yau an daina."

Ban fassara ba. Da ya ga na yi shiru, sai ya juya wayar tana ɗaukar fuskarsa, ya miƙa hannu ya shafa furfurar kan Lung, ya ɗan bubbuga, kamar yadda ake yi wa yaron da ya kawo aike daidai.

"Ka gane ko, tsoho? Yawwa."

Na ji wata mata ta ja numfashi a bayana. Babban sufin bai katse addu'arsa ba. Ya kai ta ƙarshe, ya ɗauki bakin zaren biyu ya ƙulla da hannunsa, suka miƙe suka fita a jere. Abincin da Pa Malai ta wuni jiya tana shiryawa, babu wanda ya buɗe.

Lung ya yi murmushi. Ya ce da harshensu, ba komai.

Faisal ya buga kafaɗata. "Ka gani? Haka ake yi da su. Ka yi shekara a nan ba ka iya ba, ni na gyara a minti biyar." Daga nan ya tambaye ni ina alƙibla take a ƙasar nan. Kwanansa biyar da sauka, sai ranar tambayar ta zo masa.

Shi murmushin ya gani. Ni kuwa na san haƙorin dariya shi ke cizo.

Washegari na fito na tarar da rumfar a share tas, tukwane goma sha biyu a wanke a kife, babu ma'aikaci ko ɗaya. Gangunan jiƙonmu an jera su a bakin ƙofa, an lulluɓe da tamfol kada rana ta taɓa su. Na tambayi inda Lung yake, aka ce ya tafi duba wani ɗan'uwa, ba a san ranar dawowarsa ba. Pa Malai ta kawo mini abinci a kwanon nan nawa kamar kullum, ta ajiye, ta juya ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Faisal ya zo daga otal wajen hantsi, ya ce wannan ai ba matsala ba ce, masu tukwane sun cika gari. Muka shiga mota muka zagaya wurin mutum bakwai. Kowa ya tare mu da fara'a, ya ba mu ruwan sanyi, ya ce kash, tukwanensa duk a cike suke. Muna ganin tukwanen a bayansa fanko, har kaji na shiga ciki. A wuri na bakwai Faisal ya fara ihu yana buga mota yana cewa zai ninka lada. Mutumin ya ƙara faɗaɗa murmushi, ya raka mu har bakin hanya, ya ɗaga mana hannu.

Kwana uku, kwana huɗu. Kullum da safe ina buɗe ganga in shinshina, ina jin ƙamshin nan mai zaƙi yana juyawa zuwa tsami. Faisal ya ga aikin zai mutu a hannunsa, sai ya nemo wanda zai ɗauki gawar. Ya yanko daga bidiyon daidai inda na tuɓe takalmi na shiga a sunkuye gaban sufaye, ya tura wa 'yan'uwa a Makka, ya rubuta cewa mandub ɗinmu ya bi addinin mutanen, shi ya sa suka haɗa kai da shi suka hana aiki.

Ku kun san Mansur. Kafin magariba abin ya shiga kowace waya daga masu tsire har matan da ke sayar da fura. Inna ta kira ni. Ba ta yi sallama ba.

"Idi, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Kana salla?"

"Inna, yanzu na sallame isha'i."

"An nuno mini kai kana durƙusa wa masu jan mayafi. Na kasa fita ko ƙofar gida. Ubanka ya taka ƙasa uku da ƙafa don ya mutu kusa da ɗakin Allah, kai kuma..." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Na zauna a bakin gado, wayar a hannuna. Shekara ashirin da wani abu na aiki, da sunan gidanmu, ga su a hannun mutumin da bai san ud daga ƙonanniyar taya ba.

Abin da Faisal ya manta shi ne, tun ranar farko, don alfahari, ya tura wa matarsa bidiyon cikakke. Ita kuwa da ta ga guntun yana yawo, ta ɗauki wayarta ta shiga ɗakin mahaifinta ta ajiye masa. Ammi ya kalla har ƙarshe. Ya kira ni, ya ce abu biyu kawai: "Jiƙon kwana nawa ya rage masa?" Na ce ya riga ya wuce. Ya ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Ina zuwa."

A rana ta tara ya iso, tsoho mai ciwon suga da sanda. Ya sa aka tsayar da mota tun daga bakin hanya. Ya tuɓe takalmansa a nan, ya taka tsakuwa da ƙafa har cikin gida, ni ina riƙe da kwalin dabino a bayansa, Faisal yana biye da mu yana kallon sama. Lung, wanda aka ce ya yi tafiya, ya fito daga ɗaki. Aka kawo wa Ammi kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya naɗe ƙafafunsa baya.

"Idrisu, fassara masa, kada ka rage kada ka ƙara. Gaya masa addinina ba nasa ba ne, ya sani na sani. Amma addinin nawa ne ya hana ni zagin abin da wani yake girmamawa, ya kuma hana ni cin mutuncin wanda ya ba ɗana masauki. Ubana ya kwana a gidajen mutanen da ba sa salla a hanyar Chadi. Da sun kore shi, da ba a haife ni ba."

Na fassara iya abin da harshena ya iya. Lung yana saurare, idonsa a ƙasa.

Sai Ammi ya sa hannu ya cire rawaninsa da hular da ke ƙarƙashi, ya ajiye a gefe, ya sunkuyar da kansa mai furfura a gaban Lung.

"Gaya masa an taɓa nasa a gidansa. Ga nawa, ya rama."

Ban iya fassarawa ba, kuma ba a buƙaci fassara ba. Lung ya zabura ya ɗauki hular da hannu biyu ya miƙa masa. Ammi ya karɓa ya mayar a kansa. Sai Lung ya ce, "Kun Idris," wato Malam Idris a harshensu, "gaya wa baba ba don ni ba ne. Ni na tsufa. Jikokina ne suna zaune a wurin suna kallo." Can kuma ya ƙara da cewa gobe za a hura wuta, amma ba zai ruɗe mu ba, jiƙon ya wuce, man ba zai fito na ɗaya ba.

Aka ce Faisal ya ba da haƙuri. Ya yi wata guntuwar magana da Turanci yana duban agogonsa. Ammi bai ce masa komai ba sai da safe, da aka hura wuta, ya ce masa tunda ya zo duba aiki, ya tsaya a bakin murhu yana tura itace har a sauke. Kwana uku aka ce. Ya kai azahar. Daga nan bayansa ya riƙe, aka mayar da shi otal mai sanyi ya yi jinya. Tusa dai ba ta hura wuta.

Man ya fito kamar yadda Lung ya faɗa, da ɗan warin garke a ƙarƙashin ƙamshin. Itacen da ya kamata ya ba mu na ɗaya ya ba mu na uku. Hajjin wannan shekara alhazai suna shigowa suna tambayar man Tailan mai kyau, muna nuna musu shagon maƙwabci. Ammi da ya dawo bai wuce gida ba sai da ya bi ta Mansur, ya zauna a tabarmar Inna ya nuna mata bidiyon daga farko har ƙarshe, a gaban maƙwabta. Ta kira ni tana dariya tana kuka. Duk da haka har yau akwai masu ce mini Idi Buda a bayan idona. Ƙarya ta riga gaskiya fita, kuma ta fi ta abin hawa.

Shi kuwa gogan naku ba a kore shi ba, surukin gida ba ya koruwa. An dai ɗauke shi daga inda zai haɗu da mutane aka kai shi inda zai haɗu da kwalabe. Na ji an ce har yanzu a majalisarsu ta Rusaifa yana ba da labarin yadda ya shiga tsakiyar mushirikai shi kaɗai ya tsinka tsafinsu da hannunsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, man da kuke ɗiga wa alhaji a bayan hannu ya bi ta hannun mutane da yawa kafin ya iso nan, yawancinsu kuma ba alƙiblarmu suke kallo ba. Wata goma sha huɗu da wasu takwas bayansu na yi a cikinsu, ba wanda ya nemi in bar salla ko raka'a ɗaya. Takalmi suka nemi in cire, murya suka nemi in sassauta. Wanda ya kasa bambanta waɗannan biyun, ba tsoron Allah ne ya yi masa yawa ba, tarbiyya ce ta yi masa kaɗan.

Ranar da zan baro ƙauyen, Lung ya kai ni tashar mota. A hanya ya ce yana so wata rana ya zo ya ga shagon da mansa yake zuwa, ya ga masu sayensa. Na ji nauyi, amma na gaya masa gaskiya: garinmu wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, akwai alama a kan hanya tun daga nesa, a nan ake juyawa. Na zaci zai ji haushi. Ya yi tuƙi kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce, "Daidai ne. Gidanku ne."

Mutumin da aka shiga rumfarsa da takalmi ke nan. Ku tashi ku buɗe ƙofa, an kira la'asar.